Baƙi Goma, Tsibiri Ɗaya: Fashin Baƙi a Kan Fim ɗin René Clair na 1945

Ɗan ƙaramin jirgin ruwa ne ke tangal-tangal a kan teku, ɗauke da mutum takwas da ba wanda ya san wani a cikinsu. Ba mai cewa uffan. Iska ta kwashi gyalen wata budurwa ta yaɓa a fuskar na kusa da ita, wani na dafe da hularsa kada ta tashi, wani kuma cikinsa sai hautsinawa yake yi, shi kuwa matuƙin ko a jikinsa, burodinsa kawai yake gatsa. Kafin jirgin ya kai gaɓa mai kallo ya riga ya karanci halin kowa: ga mai girman kai, ga mai rawar kai, ga dattijuwar da fuskarta ba ta san fara'a ba. Haka fim ɗin And Then There Were None na shekarar 1945 ya buɗe, kuma tun daga waɗannan 'yan mintoci za ka gane cewa mai riƙe da akalar aikin ya fi yarda da ido a kan baki.

Ma'anar sunan da Hausa ita ce "daga nan sai ba kowa". An ciro labarin ne daga littafin Agatha Christie, marubuciyar Ingila da aka haifa a garin Torquay a 1890, ta rasu a 1976. Littafin ya fito a Landan a watan Nuwamba na 1939, wata biyu da ɓarkewar Yaƙin Duniya na Biyu, kuma an sayar da fiye da kwafi miliyan 100 nasa, abin da ya sa ya shiga sahun littattafan da aka fi saye a duniya. Wanda bai kalli fim ɗin ba ya sani zan fasa ƙwai, domin abin da nake son tattaunawa yana can ƙarshen labarin, ba yadda za a yi a kewaye shi.

Ga yadda aka kafa tarkon. Wani mai suna U. N. Owen ya aika wa mutum takwas takardar gayyata zuwa gidansa da ke wani tsibiri a gefen Devon, kudu maso yammacin Ingila. Kowa da irin ƙugiyar da aka jefa masa: wannan an yi masa alkawarin aiki, wancan an ambaci sunan tsohon abokinsa. Da suka isa sai suka tarar da ma'aikatan gida biyu, Thomas Rogers da matarsa Ethel, waɗanda su ma ba su taɓa ganin maigidan ba. Jirgi ya juya, ba zai dawo ba sai bayan kwanaki. A kan teburin cin abinci akwai 'yan mutum-mutumi guda goma. Akwai kuma wata tsohuwar waƙar yara da ke lissafa yadda yara goma suka riƙa raguwa ɗaya bayan ɗaya, wannan ya shaƙe, wancan ya yi barci bai tashi ba, wani ya sare kansa yana faskare, wani ƙudan zuma ya harbe shi, har aka wayi gari babu ko ɗaya. Bayan an ci an sha, Rogers ya ɗora faifai a kan garmaho kamar yadda aka umarce shi a rubuce, ba tare da ya san abin da ke ciki ba. Murya ta fito ta kira sunan kowa, ta faɗi ran da ya salwantar. Daga baya ne suka lura cewa idan aka haɗa U. N. Owen aka karanta da Turanci, yana ba da kalmar da ke nufin wanda ba a sani ba.

A daren nan mutum na farko ya faɗi matacce, aka duba tebur aka ga mutum-mutumi tara.

Mutane da yawa suna ɗaukar tsibirin a matsayin ado kawai, wurin da zai ba da tsoro da hazo da ƙarar igiyar ruwa. Aikinsa ya wuce haka nesa. A labarin bincike na yau da kullum, idan an yi kisa akan kira 'yan sanda, wani gwani ya zo daga waje, hannunsa tsarkakakke, ya tattara shaidu ya nuna mai laifi, kowa ya koma gida ya yi barci. Teku ta yanke wannan hanyar. Ba ɗan sanda, ba waya, ba maƙwabci. Sannan da mazan suka bi tsibirin lungu-lungu ba su ga maɓoyar ko kyanwar daji ba, sai lissafi ya koma abu guda: Owen yana cikinsu, yana cin abinci tare da su, yana jajanta musu. Kowane mutum a gidan ya zama abu uku a lokaci ɗaya, mai bincike, wanda ake zargi, da wanda ake jiran ransa. Hanya ɗaya ce tak ta wanke kanka daga zargi, ita ce a tsinci gawarka. Wannan shi ne ƙashin bayan labarin, kuma shi ne abin da daruruwan finafinai suka ara daga baya, ko a gidan da dusar ƙanƙara ta toshe, ko a jirgin ƙasa, ko a otal a tsakiyar hamada.

Sai kuma irin laifukan da aka zaɓa. A nan ne Christie ta nuna zurfin tunani, domin duk cikinsu babu wanda kotu za ta iya kamawa. A littafin, Dokta Armstrong ya yi wa wata mata tiyata yana cikin maye, ta mutu, abokan aiki suka rufa masa asiri. Janar Macarthur ya gano wani ƙaramin hafsa na neman matarsa, sai ya tura shi wani aiki a fagen daga da ya san ba a dawowa. A takarda, umarnin soja ne kawai. Rogers da matarsa sun ƙi ba tsohuwar uwargijiyarsu maganinta a daren da ciwo ya taso mata, suka ci gadon da ta bar musu. Blore, tsohon ɗan sanda, ya yi shaidar zur a kan wani bawan Allah, aka ɗaure shi ya mutu a kurkuku. Emily Brent, mai yawan karatun littafin addini, ta kori 'yar aikinta da ta yi ciki, yarinyar ta faɗa kogi. Anthony Marston ya take yara biyu da mota, abin da ya fi damunsa shi ne an karɓe masa lasin na shekara guda. Vera Claythorne, mai rainon wani yaro Cyril, ta ƙyale shi ya yi iyo zuwa wani dutse mai nisa tana sane ba zai kai ba, don saurayinta Hugo ya gaji dukiyar. Har yaba mata aka yi a wajen bincike saboda ta yi kamar ta bi shi ceto. Philip Lombard kuwa ya kwashe abincin mutum 21 'yan wata ƙabila a Gabashin Afirka, ya bar su a daji yunwa ta kashe su.

Duba da kyau, kusan duk kisan nan an yi shi ne da ƙin yin wani abu, ko da amfani da muƙami, ko da kalma ɗaya a inda ta dace. Ba jini a hannun kowa. Hausawa na cewa alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi, to littafin tambaya yake yi: idan kwikwiyon ya yi nawa, wa ke da ikon ɗaukarsa ya kai shi ƙofar mai shi?

Christie ta faɗa a tarihin rayuwarta cewa wuyar abin ce ta ja ta ga rubuta shi. Mutum goma za su mutu ba tare da labarin ya zama abin dariya ba, kuma ba tare da an gane makashin ba, alhali da'irar sai ƙara tsukewa take yi. In saura mutum uku, ai ko yaro zai iya canka. Dabarar da ta yi ita ce ta cire makashin daga lissafi tun ana saura da yawa. Alƙali Wargrave, ɗaya daga cikin baƙin kuma shi ne makashin, ya jawo likita Armstrong gefe ya ce masa, zo mu yi wa Owen wayo: zan yi kamar an harbe ni, kai kuma ka duba ka ce na mutu, daga nan sai in riƙa yawo a ɓoye ina leƙen kowa. Likita ya yarda, domin a tunaninsa mutum mai daraja irin alƙali ba zai zama makashi ba. Ya shaida mutuwar, kowa ya gaskata tunda shi kaɗai ne likita. Da dare alƙali ya ja shi bakin dutse ya tura shi teku, shaida ɗaya tilo ta tafi. Waƙar ma ta yi nuni da haka, domin a baitin da ya zo kan likita an ce wani jan kifi ne ya haɗiye shi, kuma a salon maganar Turawan Ingila jan kifi na nufin sawun ƙarya da ake ajiyewa don a ɓatar da mai bin sawu. An ajiye amsar a fili, ido ne kawai ke tsallake ta.

Abin da ya fi burge ni a wannan dabara shi ne ba a kan ƙofar sirri ko wata na'ura ta dogara ba. A kan girmamawa ta dogara. Likita ya amince da alƙali saboda rigarsa, sauran sun amince da likita saboda takardarsa. Irin wannan amincewar ce ta ba kowannensu damar tsira daga laifinsa na farko, ita ce kuma ta kai su ga halaka.

A littafin, kowa ya mutu. Vera ta harbe Lombard a bakin ruwa da bindigarsa, ta koma ɗakinta ta tarar da igiya a rataye da kujera a ƙarƙashi, ga gajiya, ga tunanin yaron da ta salwantar, sai ta hau. 'Yan sanda suka zo suka tarar da gawa goma, suka rasa ta inda za su kama, musamman da suka ga an mayar da kujerar jikin bango, alamar akwai wanda ya rayu bayanta. Sai da wani jirgin masunta ya tsinci kwalba a teku da wasiƙa a ciki sannan aka ji bayani daga bakin Alƙali Wargrave: tun yana yaro yake jin daɗin ganin mutuwa, amma kuma yana da tsananin ƙin a hukunta marar laifi, shi ya sa ya zaɓi aikin shari'a. Da wani likita ya gaya masa ciwonsa ba na tashi ba ne, sai ya ƙudurta yin kisa na ƙin ƙarawa a kan mutanen da doka ta kasa taɓawa, ya kammala da kansa.

To, wannan ƙarshen bai shiga fim ɗin 1945 ba, kuma ba Amurkawa ne suka fara sauya shi ba. Christie ce da hannunta. A 1943 ta mayar da littafin wasan daɓe a Landan, ana tsakiyar yaƙi, mutane na fitowa daga gidajen da bama-bamai suka girgiza su zo kallo. Ta ga ba zai yiwu a rufe labule a kan gawa goma ba tare da wanda zai yi bayani ba. Sai ta tuna cewa waƙar tana da wani ƙarshen dabam, inda yaron ƙarshe bai rataye kansa ba, aure ya yi. Ta wanke Vera da Lombard daga laifi, ta bar su da rai, ta haɗa su soyayya. Dudley Nichols, wanda ya rubuta fim ɗin, kan wannan turbar ya bi, ya ƙara nasa.

Akwai kuma dokar tace finafinai ta Amurka, wadda aka fi sani da sunan Hays, da aka fara aiwatarwa da ƙarfi tun 1934. Mu da muka saba jin takaddama tsakanin masu shirya fim da hukumar tacewa a Kano ba za mu yi mamakin yadda irin wannan doka ke shiga har cikin ƙashin labari ba. Jaruma mai kashe yaro don kuɗi da namiji ba za ta wuce ba. Cikin shege ma haka. Saboda haka a fim aka ce ana zargin Vera da kashe saurayin 'yar'uwarta, daga baya ta bayyana cewa 'yar'uwar ce ta yi, ita rufa mata asiri kawai ta yi. Emily Brent kuma aka ce ɗan ɗan'uwanta ta kai gidan horon kangararru, ya kashe kansa a can. Shi kuwa Lombard, aka ce ba ma shi ba ne: sunansa Charles Morley, abokin Lombard ne, ainihin Lombard ya kashe kansa, shi kuma ya karɓi gayyatar ya zo ya ga abin da ke ƙarƙashinta. An sauya wasu sunayen saboda wasu dalilai. Janar Macarthur ya koma Mandrake, domin a 1945 akwai Janar Douglas MacArthur na gaske da sunansa ke bakin kowane Ba'amurke. Marston ya koma wani yariman Rasha mai suna Nikita Starloff don ya dace da ɗan wasa Mischa Auer. Wargrave ya koma Quinncannon, sunan da ya dace da harshen Barry Fitzgerald, mutumin Ayalan.

Zaɓen Fitzgerald kansa wayo ne babba. A shekarar ce ya karɓi kyautar Oscar saboda fitowa a matsayin wani tsohon limamin coci mai taushin zuciya a fim ɗin Going My Way na 1944. Ɗan gajeren dattijo ne mai murmushi, irin wanda za ka ba ajiyar kuɗinka ba tare da shaida ba. 'Yan kallo sun shigo da wannan ƙaunar a zuciyarsu, fim ɗin kuma ya yi amfani da ita ya rufe musu ido, kamar yadda alƙali ya rufe wa likita. A gefe guda ga Judith Anderson a matsayin Emily Brent, wadda duniya ta sani da fitowa a muguwar mai kula da gida a Rebecca na 1940. Da ka gan ta da ƙwarashinta tana saƙa fuska a murtuke, zarginka ya tafi kanta. Walter Huston ne likita, Roland Young ne Blore, C. Aubrey Smith ne janar, Louis Hayward da June Duprez su ne masoyan.

René Clair Bafaranshe ne da ya yi suna tun zamanin finafinan da ba magana, ya kuma yi fice a farkon shekarun 1930 da finafinan barkwanci masu kiɗa irin su Le Million. Mamayar da Jamus ta yi wa Faransa a 1940 ce ta kai shi Amurka, wannan kuma shi ne fim na ƙarshe da ya yi a can kafin ya koma gida. Mutum ne da bai taɓa sakin jiki da yawan surutu a fim ba, kuma hakan ya bayyana. Akwai wurin da wani ke leƙen wani ta kafar makulli, kyamara ta ja baya sai ka ga shi ma ana leƙensa, mai leƙen nasa ma wani na bayansa, suka yi jerin gwano a baranda kowa na zaton shi ne mai wayo. Ba a furta kalmar zargi ba, amma an nuna maka gidan da amana ta ƙare a cikinsa. Akwai wurin da ƙwallon zaren saƙa ya gangaro, kyanwa na wasa da shi, aka bi zaren har ɗakin Emily Brent, aka same ta zaune ba rai, allura a kusa. Ba a nuna kisa ko ɗaya ƙuru-ƙuru ba. Ƙafa za ka gani, ko hannu, ko fuskar wanda ya gani.

Wurin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Rogers, wanda Richard Haydn ya fito a matsayinsa. Baƙin suka yanke shawarar kowa ya rubuta sunan wanda yake zargi a takarda a asirce. Da aka ƙirga, Rogers ne ya fi samun ƙuri'a, da biyu kacal. Mutumin da matarsa ta mutu jiya-jiya, yake ta dafa musu abinci yana jera musu faranti. Ransa ya ɓaci, ya sha ya yi tatul, ya ce tunda haka ne ba zai ƙara yi wa kowa hidima ba, ya tafi ya kwana a rumbun itace. Da safe a can aka same shi, gatari ya raba masa kai. Clair ya shirya wurin don a yi dariya, kuma ana yi. Amma ka sake kallo: manyan mutane sun taru, tsoro ya kama su, sai yatsa ya fi karkata ga bara. Shi ne marar gata a gidan, shi aka tura waje cikin duhu.

Fim ɗin minti 97 ne, baƙi da fari, kamfanin 20th Century Fox ya rarraba shi a ƙarshen Oktoba na 1945, ya kuma ci babbar kyauta a bikin finafinai na Locarno na farko a ƙasar Suwizalan a 1946. Ina ganin ya cancanta. A fagen sarrafa kyamara da tafiyar da 'yan wasa goma a gida ɗaya ba tare da mai kallo ya rikice ba, har yau ban ga na biyunsa a cikin waɗanda aka yi daga wannan littafi ba.

Amma akwai abin da aka biya. A littafi, abin da ke hana ka barci shi ne alƙalin bai yi kuskure ko sau ɗaya ba. Duk wanda ya kira mai laifi, mai laifin ne. Har mutumin da aka zargi alƙalin da sa a rataye shi bisa zalunci, Edward Seton, ya tabbata shi ya yi kisan. Saboda haka mai karatu ba shi da mafaka. Ba za ka ce an zalunci waɗannan mutane ta fuskar hujja ba, kuma duk da haka zuciyarka na gaya maka abin da ya yi ta'asa ce, domin mutum ɗaya ya zama mai ƙara, mai shaida, alƙali da hauni, kuma ya yi ne don daɗin da yake ji, adalcin riga ce ya yafa. Dole ka zauna da wannan nauyin ka warware wa kanka dalilin da ya sa ɗaukar doka a hannu ɓarna ce ko da hujjar ta cika. A fim kuwa an sauƙaƙa maka. Da zarar an ce Vera ba ta yi komai ba, Morley ma ba shi ake nema ba, alƙali ya zama mai kuskure kawai. Har ma an sa ya faɗa da bakinsa a teburin cin abinci cewa Seton ba shi da laifi, ya yanke masa hukunci ne don ya zubar da mutuncin lauyan da ke kare shi. Shi ke nan, ya zama bos irin na kowane fim, mai kallo ya samu waɗanda zai so da wanda zai ƙi, tambayar ta gudu.

Akwai wani abu kuma da ba zan iya tsallakewa ba a matsayina na ɗan Afirka. Alƙalin littafin ya ce ya jera mutuwar ne bisa nauyin laifi: masu ƙaramin alhaki su fara tafiya, masu babba su daɗe suna shan azabar jira. Wa ya ajiye a ƙarshe? Vera, mai ran yaro ɗaya Bature. Lombard mai rai 21 ya zo kafin ita. Kowane mamaci a faifan nan yana da suna, na farko da na mahaifi, ban da waɗannan 21; su adadi ne kawai da sunan yanki. Lombard na littafi bai ma musa ba, cewa ya yi ai su 'yan ƙasa mutuwa ba ta dame su kamar yadda ta dami Turawa ba. Za a iya cewa Christie tana tona halin 'yan mulkin mallaka ne, tunda ta sa laifin a jerin kisan kai a lokacin da da yawa daga masu karatunta ba za su kira shi haka ba, kuma ta sa Emily Brent, duk da taurin zuciyarta, ta ce baƙi da fari duk 'yan'uwa ne. Na yarda da wannan har wani matsayi. Sai dai sunan da littafin ya fara fita da shi a Ingila yana ɗauke da kalmar nan ta cin mutuncin baƙar fata, an ɗauko ta daga waƙar da Frank Green ya tsara a 1869 don masu wasan shafa baƙin fenti a fuska suna kwaikwayon baƙaƙe, kuma an ci gaba da buga shi da wannan suna a can har cikin shekarun 1980. Amurkawa tun 1940 suka ƙi sunan suka sa wanda muka sani yau. Fim ɗin ya mayar da 'yan mutum-mutumin 'yan asalin nahiyar Amurka, waɗanda Turawa suka laƙaba wa Indiyawa, wato an ɗauke cin fuskar daga kan wasu an ɗora wa wasu. Bugun zamani ya mayar da su sojoji. Fim ɗin kuma, da ya ce jarumin ba Lombard ba ne, sai ya share maganar mutum 21 gaba ɗaya: mai laifin ya mutu tun kafin a fara, ba wanda zai amsa tambaya, ba wanda ya sake tuna su. Laifi mafi girma a tsibirin shi ne wanda aka fi saurin wucewa.

An sake yin fim ɗin sau da dama. Furodusa Harry Alan Towers shi kaɗai ya yi uku: na 1965 a kan dutsen ƙanƙara a Ostiriya, na 1974 a wani otal a Iran, na 1989 a dajin Afirka, duka da ƙarshe mai daɗi. Masu son finafinan Indiya a cikinmu wataƙila sun ga Gumnaam na 1965, da Manoj Kumar da Nanda da Pran da Helen da Mehmood, inda jirgin sama ya sauke fasinjoji a wani wuri ya tashi ya bar su; jini ɗaya ne, an dai ƙara masa waƙa da rawa da barkwanci. Sai a 1987 Stanislav Govorukhin na Tarayyar Sobiyat ya yi ƙarfin halin bin littafin har ƙarshensa, BBC ma ta bi wannan hanyar a shirinta mai kashi uku na Disambar 2015, inda Charles Dance ya fito a alƙali. Wanda ke son ɗacin labarin, waɗannan biyun zai nema. Na Clair kuwa haƙƙin mallakarsa ya faɗi, yana nan a intanet kyauta.

A ƙarshen nasa, Vera ta harba bindiga a bakin ruwa, Morley ya faɗi kamar ya mutu, bisa shirin da suka ƙulla. Ta shigo gida ita kaɗai ta tarar da igiya a rataye, ga kuma alƙalin da aka ce ya mutu yana wasansa a teburin biliyad, cikin natsuwa. Ya zayyana mata komai, ya ce zaɓi biyu gare ta: ta rataye kanta yanzu, ko ta jira hukuma ta zo ta same ta ita kaɗai da gawa tara ta rataye ta. Ya ɗaga kofin da ya zuba wa guba ya shanye. Sai ga Morley ya shigo ta bayansa da ransa. Dattijon ya dube shi, ya yi ƙorafin cewa bai kamata ya yarda da mace ba, ya cika. Can sai aka ji motsi a ƙofa, matuƙin jirgin nan ne mai burodi ya dawo ɗaukar baƙi. Ya tambaya ko sauran sun shirya. Suka ce ya shiga ya kira su da kansa, suka ruga waje hannu cikin hannu, shi kuma ya nufi cikin gidan.